Motar da Kuka Ce Tana da Iskoki

Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin motar nan, kuma ban taɓa gyara muku ba. Kai Laminu kana cewa tsohuwar mota ce mai yoyon gaz, babanku ya yi taurin kai ya ƙi rabuwa da ita har ta cinye masa ƙwaƙwalwa. Ke Zainabu kina cewa wani ya taɓa mutuwa a cikinta, iskokin da ya bari suka taɓa babanku. Haka ƴaƴanku suka tashi suna ji, haka dangi suka ji a Maraɗi. Yanzu ƙafata ta yi nauyi, idona ya fara gajiya, ba na so in tafi in bar laifi a kan mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa. Motar nan lafiyarta ƙalau, kuma babu wanda ya mutu a cikinta. Ku zauna ku karanta har ƙarshe kafin ku kira ni.

Kun tuna shekarar da aka ce za a rushe benen da muke ciki a Clichy-sous-Bois, a gefen Paris. Babanku ya riga ya ajiye aiki, bayan shekarun da ya yi yana jan babbar mota da kaya daga mangazun ajiyar kaya na Aubervilliers, kusa da Paris, zuwa kasuwannin Lyon. Kai Laminu ka ce mu dawo wajenka a Aubervilliers, ke Zainabu kika ce mu sauko wajenki a Minguettes, kusa da Lyon, kowa yana ja. Babanku ya yi sati yana juya maganar. Ran nan bayan sallar la'asar ya naɗe dardumarsa ya dube ni.

"Hajiya, in na zauna gidan ɗa, ɗiya za ta ce na ƙi ta. In na zauna gidan ɗiya, na zama baƙon suruki. Hanyar nan ta Paris zuwa Lyon kuwa na san ta kamar tsakar gidanmu. Mu sayi gida mai ƙafa, mu yi wata nan, mu yi wata can."

"Malam, da tsufanmu za mu koma kwanan mota?"

"Ki zo ki gani tukuna. In ba ta yi miki ba, na bar maganar."

Na je na gani. Irin motar nan ce da Faransawa ke kira kampin-kar, fara, mai gado a baya, da ɗan tebur, da rishon gaz mai baki biyu, da firigo, da ɗan banɗaki wanda in ka shiga gwiwarka na taɓa ƙofa. Mai ita wani tsohon malamin lekol ne, wato makarantar boko, da gwiwa ta hana shi tuƙi, da ransa da lafiyarsa, har shayi ya ba mu. Na zauna a kan gadon na duba ta taga, na ga babanku yana shafa tayoyin kamar mai duba ƙafar dabba a kasuwa. Rabon da in ga fuskarsa haka tun ranar da ya bar aiki. Na ce na yarda.

Shekara uku muka yi a ciki lafiya, kuma ina so ku san cewa a rayuwata ban taɓa zama kusa da babanku kamar a shekarun nan ba. Amma zaman mota ba hutu ba ne, aiki ne na kullum, kuma shi ya riƙe aikin. Duk inda muka tsaya sai ya sauka ya sa katako ƙarƙashin taya har motar ta daidaita, don in ta karkace firigo ba ya sanyi, ruwan wanke-wanke kuma ba ya wucewa. Sannan ya duba alƙibla, don jiya tana wajen banɗaki, yau tana wajen sitiyari. Ruwa da awo muke sha, na koyi yin alwala da rabin buta, na koyi wanke kwanuka da ruwan da a da ba ya isa na wanke hannu. Bayan kwana biyu yakan zare akwatin banɗaki ya kai inda aka tanada don zubarwa, bai taɓa bari na taɓa shi ba. In sanyi ya kusa sai ya canza kwalbar gaz, ya ce akwai irin wanda ba ya tashi in ƙanƙara ta sauka. Kowace safiya yana goge tagogi da tsumma, ya ɗaga katifa ta sha iska, don danshi shi ke ruɓar da mota daga ciki. In na sayi sabuwar tukunya sai ya ce in zaɓi wadda za ta fita, don mota tana da nauyin da ba a wuce mata. Na yi ta mita a kan wannan, shi kuwa dariya kawai yake yi.

Akwai wasu ƴan ramuka masu raga, ɗaya a ƙasan ƙofar shiga, ɗaya kusa da risho, ɗaya a rufi. Akwai kuma wata ƴar na'ura fara manne a bango kusa da gado, wadda ke ƙara in iskar ciki ta ɓaci. Tun ranar farko ya nuna mini su.

"Hajiya, komai na motar nan kina iya motsa shi, ban da waɗannan. Ko sanyi zai kashe mutum, ba a rufe su."

Na ce to. A raina na ɗauka maganar danshi ce, irin ta tagogi da katifa. Ban tambaya ba, shi ma bai ƙara ba, don a lokacin shi ke kula da komai.

A shekara ta huɗu ciwon yanar ido ya rufe masa ido biyu. Likita a Lyon ya ce za a yi aikin ido ɗaya, a jira, a yi ɗayan, kuma babu tuƙi har sai an gama. Ke Zainabu kin roƙe mu mu hau bene wajenki, babanku ya ce ɗaki uku da yara huɗu ba su da wurin tsofaffi biyu. Muka ajiye motar a wani filin masu irin motarmu a bayan gari, a bakin kogi. Da rani wurin cike yake, amma a watannin sanyi mota uku ce kawai a ciki har da tamu, ɗaya ma a rufe babu kowa. Ɗayar ta wata tsohuwar Bafaranshiya ce, Madam Odil, wadda ta yi aikin ɗinki har ta tsufa, take zaune ita kaɗai. A wajen famfo muke haɗuwa kowace safiya mu gaisa da ɗan Faransancina. Hazo kuwa yakan taso daga kogin ya rufe filin, wani lokaci har azahar ba ka ganin itacen da ke gabanka. Babu ƙarar mota, babu muryar yaro, sai ɗigar ruwa daga rassa a kan rufinmu.

Aikin motar duka ya dawo hannuna. Na iya ruwa, na iya kwalbar gaz, har akwatin banɗaki na koya. Abin da ya fi ƙarfina sanyi ne. Abin ɗumama ɗaki na motar yana cin batir, batir kuma da rana yake cika, rana kuwa ta ɓace. Sai in kunna shi kaɗan in kashe. Ta ramin ƙasan ƙofar nan wata iska ke shigowa kamar wuƙa, ta bi ƙafafuna har cikin ƙashi, yatsuna suka kumbura. Wata safiya babanku yana kwance da bandeji a ido, na ɗauko wani tsohon zanena na yayyaga shi, na cusa a ramin ƙofa, na cusa a na kusa da risho, na hau kujera na toshe na rufi. Sannan na kunna bakin risho biyu na bar su suna ci babu tukunya. Cikin ɗan lokaci ɗakin ya yi ɗumi. Babanku ya miƙe ƙafa ya ce yau kam Allah ya sassauta sanyi. Na ji daɗi har cikin raina, na ga kamar na yi dabara.

Bayan kwana uku ko huɗu abubuwa suka fara. Na farko ciwon kai ne, mu biyu duka, mai kama goshi kamar an ɗaura igiya. Sai kuma in na kishingiɗa bayan azahar in ji an danne mini ƙirji, ina jin komai amma ba na iya ɗaga hannu. Na san dannau tun ina yarinya, amma wannan da rana tsaka yake zuwa. Sai na fara jin daka. Can nesa cikin hazo, kamar mata biyu suna luguden gero a gidan maƙwabta, dum, dum, dum. In buɗe labule, babu komai sai fari. Tagogi suka riƙa zubar da ruwa, yana gangarowa layi-layi kamar an ja yatsu daga sama. Na fara mance raka'a nawa na yi, in sallame in rasa ko azahar na yi ko la'asar. Wata rana ina yanka albasa babanku ya ɗaga kai ya amsa da ƙarfi.

"Na'am!"

"Malam, wa ya kira ka?"

"Ba ki ji ba? Inna ce. Da sunan da take kirana ina yaro."

Kakarku ta fi shekara ashirin da rasuwa a lokacin. Na ajiye wuƙar, na yi ta karanta abin da na sani. Ban faɗa masa ba, amma tun kwana biyu kafin nan, in na juya wajen gaban mota, sai in ga kamar mace zaune a kujerar direba, ta ba ni baya, ta lulluɓe kai, tana kallon hazo. In na dube ta sosai sai ta zama kujera. In na kau da kai sai ta dawo a gefen idona.

Ran Juma'a, Zainabu, in mijinki ya zo ya ɗauke mu zuwa Minguettes, kafin a gama cin abinci ciwon kan ya tafi, babanku yana wasa da jikoki kamar ba shi ba. In mun koma motar, kafin magariba ya dawo. Wannan ne ya sa kika ce iskoki ne, Zainabu, kuma ni ma haka na yarda. Kin kawo wani malami, mutumin kirki, ya ce a buɗe ƙofa da tagogi duka don abin da ke ciki ya sami hanyar fita, ya yi karatu mai tsawo muna rawar ɗari. Ranar muka wuni garau, kowa ya ce an dace. Da kuka tafi na rufe ko'ina na kunna rishona. Da ina da hankalin da zan haɗa wannan da wancan, da a ranar na gane.

Babanku ya kusa ganewa, duk da ba ya gani kuma kansa ya yi nauyi. Wata la'asar ina cikin salla ƴar na'urar nan ta bango ta fasa ƙara, ƙara mai huda kunne. Na sallame na ciro ta, na zare batirinta, na jefa ta cikin aljihun tebur.

"Hajiya, me ya sa ta kuka?"

"Batirinta ne ya yi sanyi, Malam."

"Gobe a sayo wani. Wutar rishon nan, wane launi take?"

Na dubi wutar. Rawaya ce, tana lanƙwasa kamar ta fitilar kwai, ta baƙanta gindin tukunyata.

"Shuɗiya ce," na ce.

"Ramukan nan a buɗe suke?"

"A buɗe suke."

Ya ce to, ya mai da kansa kan matashi. Shekara arba'in da wani abu muna tare ban taɓa yi masa ƙarya a kan abin da ya tambaye ni kai tsaye ba, don haka bai sa hannu ya lalluba ba. Na sha tambayar kaina me ya sa na faɗi haka. Ba mugunta ba ce. Sanyi nake tsoro, kuma na san in ya ji zai sa in cire tsummokaran, sannan ina jin kunyar a ce wata ɗaya kawai aka bar mini motar na karya dokarsa. Gobe ta zo ban sayi batir ba.

Bayan kwana biyu, ranar da hazo ya fi kowace rana kauri, ban fita ɗibar ruwa ba don kaina kamar zai tsage. Na dafa ɗan abinci muka kasa ci. Bayan azahar na bar wutar tana ci na kwanta. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Da na buɗe ido ɗakin ya yi toka-toka, dakan nan kuma ya matso, yanzu kamar a ƙarƙashin gado ake yi. Babanku yana zaune a bakin tebur, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya sunkuyar da kai yana fuskantar kujerar direba. Magana yake yi a hankali, da muryar da ban taɓa jin ya yi da kowa ba sai mahaifiyarsa.

"Lafiya lau, Inna. Yaran suna lafiya. A'a, ba mu daɗe ba. To, bari in sa takalmi."

Na duba inda yake duba. Matar tana nan, kuma wannan karon da na zuba mata ido ba ta zama kujera ba. Ta fara juyowa a hankali. Na yi niyyar kiran sunan Allah, harshena ya ƙi. Na sauko daga gado ƙafafuna suka naɗe, na faɗi. Da ciki na ja jiki zuwa ƙofa, tafiyar taku uku ta zama kamar daga nan zuwa kasuwa. Na ji babanku ya zame daga kujera, kansa ya bugi ƙasa a bayana. Na miƙa hannu ban kai ga mariƙin ƙofa ba, sai yatsuna suka sauka a kan tsumman da na cusa, ya jiƙe sharkaf, ya yi sanyi. A nan, fuskata a ƙasa, na gane abin da na yi. Na ja shi da ɗan ƙarfin da ya rage mini, bai fito ba.

Sai ƙofar ta buɗe daga waje, sanyi ya faɗo mini a fuska. Madam Odil ce. Ta ce tun safe ba ta gan ni a famfo ba, ta zo wucewa ta ga tagoginmu sun yi gumi, ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba. Tsohuwar nan da ba ta kai ni jiki ba ta kama ni ta hammata ta jawo ni kan ciyawa, ta ja numfashi ta koma ciki ta kashe risho, ta jawo babanku ta ƙafa har bakin ƙofa. Ita ta kira ƴan kwana-kwana. Ina kwance an sa mini abin numfashi a hanci, na ga ɗayansu ya durƙusa a ƙofar motar yana zaro tsummokaran ɗaya bayan ɗaya. Ya zo ya nuna mini, ya tambaya da Faransanci wa ya sa wannan. Na ji shi sarai. Na yi kamar ban gane ba. Madam Odil ta dubi tsumman, ta dubi ɗankwalin da ke kaina, atamfa ɗaya ce. Ta cire rigar sanyinta ta rufa mini, kuma har ta bar filin nan ba ta faɗa wa kowa ba.

A asibiti likita ya bayyana mini cewa wuta in tana ci a rufaffen wuri takan fitar da wata iska marar wari marar launi, ta shiga jini ta kore numfashi. Ya ce ita ke kawo ciwon kai da mantuwa, ita ke sa mutum ya ji ko ya ga abin da babu, dakan da nake ji kuma bugun zuciyata ne. Ni da nake ƙasa kusa da ƙofa na tashi bayan kwana biyu. Babanku ya farfaɗo, ya gane ku, muka yi murna. Bayan sati uku ya fara tambayar ina ya ajiye babbar motarsa ta aiki, ya sa riga a bai-bai, ya kira Zainabu da sunan ƙanwarsa. Sauran kun san shi, shekara huɗu kuna gani. Kai Laminu ka sauko daga Paris a fusace, likita ya ce maka gaz ne, ka tsaya a gaban gadon asibiti kana cewa ka sha faɗa a rabu da wannan gwangwanin. Ina zaune a wurin. Kalma ɗaya ta isa in wanke shi, na riƙe bakina, don na ji tsoron yadda za ku dube ni, alhali a hannunku za mu zauna. Ka sayar da motar cikin satin, babanku bai ma san an sayar ba.

Shi kam na faɗa masa. A shekararsa ta ƙarshe ne, a gidanki Zainabu, kin tafi kai yara lekol. Muna zaune a baranda rana ta ɗan fito, ranar kansa ya ɗan washe har ya kira ni Hajiya. Na durƙusa a gaban kujerarsa na faɗa masa komai, zanen da na yaga, batirin da na zare, ƙaryar da na yi masa a kan wuta da ramuka. Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallon benayen da ke gabanmu, har na ɗauka ya tafi wani wurin. Sai ya ɗora hannu a kaina.

"Sanyi kika ji?"

"Sanyi na ji, Malam."

"Ai an yi sanyi," ya ce. "Tashi, ƙasa ba ta da kyau ga gwiwarki."

Har yau ban sani ba ko ya fahimci abin da na faɗa, ko kuwa ya ga matarsa tana kuka ne kawai ya lallashe ta. Na tashi na haɗa masa shayi, ya sha rabi ya yi barci a kujerar. Ku kuwa da hankalinku kuka karanta. Ku kira Maraɗi ku gyara maganar babanku, sannan ku zo ku same ni, duk abin da za ku faɗa ku faɗa mini a gabana.